Makullin Ƙofar Da Babu

Shekara goma sha ɗaya ina ɗora bulo a Sabha,
ina tayar wa wasu benen da ban taɓa kwana cikinsa ba.
Makullin ɗakina na gida yana wuyana, a igiyar takalmi,
har ya yi mini kanta a ƙirji.

Mu huɗu muka sauka Zurmi a bayan akori-kura:
ni, da Ɗanjumma mai walda daga Agege,
da Hajiya Tumba da ta baro wankau a Jidda
da keken ɗinki da ciwon gwiwa,
sai Mamuda, yaron da ya koyo jinya a Yamai,
Hausarsa ta sha ruwan wani gari.

Daga nan babur. Daga babur, ƙafa.
Ciyawa ta cinye hanyar Tungar Kaiwa.

Na sami ɗakina. Wato na sami inda yake.
Bango uku, rabin na huɗu,
tumfafiya tsaye a gurbin gadona.
Na ciro makulli na riƙe
kamar mai jiran a kawo masa ƙofa.

Gwaggo Ige ba ta taɓa tashi ba.
Ta kare ido da tafi, ta ce, "Kai ɗan wa na?"
Na faɗi sunan babana.
"Yana bakin kaiwa, na uku daga gabas.
Ni na ɗebo ruwan wankansa."
Ba ta ce ina kake ba.
Da ta faɗa, da ya fi mini sauƙi.

Da dare muka yi ta gardama.
Ɗanjumma na son ƙofar gari ta ƙarfe,
Mamuda ɗakin shan magani,
ni aji biyu, ko ba rufi.
Gwaggo ta tofar da goro:
"Da miyau za ku kwaɓa ƙasar? Ku yashe rijiya."

Ni ne mara nauyi, ni aka zura.
Abin da rijiya ta riƙe mana amana:
guga uku, tayar babur, taɓarya,
kwanson harsashi cike da kwano,
takalmin yaro na roba, shuɗi, ƙafa ɗaya.
Tumba ta wanke shi ta ɗora bisa kekenta.
Ba wanda ya tambaya.

Rana ta biyar, ina ƙasa, na ji surutu ya ɗauke.
Gide ne, ɗan Arɗo Juli,
wanda muka yi harbin kurciya tare.
Rugarsu ma toka ce; daga Borgu yake, da sanda ba shanu.
Sunan ƙanensa kuwa
ba a faɗinsa a nan sai an duba baya.
An ce hannun Ɗanjumma ya ƙanƙame shebur.
Ni dai muryar Gwaggo na jiyo:
"Igiya na son hannu."

Na ɗaga kai. Sama ta zama faifai,
a bakin faifan ga kan Gide.
Igiyar da ke ƙuguna, ƙarshenta na tafinsa.
Na yi salati a zuci, na ci gaba da haƙa.
Da la'asar laka ta fara sanyi a yatsuna.
Ya jawo ni a hankali. Bai dube ni ba, ban gode ba.
Washegari ya dawo.

Ba cewa nake an gama ba.
Har yanzu ƙarar babur da dare
tana kashe mana fitila.
Amma mun buga bulo ɗari bakwai,
gero ya kai idon sawu a gonar Gwaggo,
Mamuda ya karɓi haihuwar fari a ƙarƙashin leda.

Makullin kuwa, na sami aikinsa.
Ma'aunina ya ɓace a Agadas,
sai in kama igiyar in sake shi daga saman bango,
ya yi lilo, ya yi lilo, ya tsaya,
ya gaya mini ko ginin ya miƙe.